Laos a Damina: A Goya Jaka a Tafi, Ko a Jira Ruwa Ya Ɗauke?

Daga watan Mayu zuwa Oktoba ruwan sama ne ke da iko da ƙasar Laos. Kogin Mekong, wanda ya taso daga tsaunukan Tibet ya ratso ƙasar Sin, yakan cika ya batse, laka ta rina shi ya yi jawur, yana tafe da kututture da rassan itatuwa. Ƙasar ba ta da gaɓar teku. Sin da Biyetnam da Kambodiya da Tailan da Miyanma sun sa ta a tsakiya, yawancinta duwatsu ne da daji, jama'arta miliyan bakwai ne da 'yan kai, kusan kashi biyu cikin uku mabiya addinin Buda. Matasan nan masu yawon duniya da jaka a goye, waɗanda ba sa neman babban otal sai ɗan masauki mai araha, sun daɗe da mayar da ita zango tsakanin Tailan da Biyetnam. Da zarar damina ta kama kuma sai su rabu gida biyu. Wasu na cewa wanda bai ga Laos cikin ruwa ba bai gan ta ba. Wasu na cewa wannan ganganci ne aka sa masa riga.

Masu goyon bayan tafiyar damina sukan fara kafa hujja da kogin kansa. Hanyar da kowa ya sani ita ce ta jirgin ruwa mai tafiyar hawainiya, wanda ke tashi daga Huay Xai a kan iyakar Tailan, ya kwana a Pakbeng, washegari da yamma ya sauke mutane kusa da Luang Prabang. Dogon jirgi ne na katako mai rufi, an jera masa kujerun da aka ciro daga tsofaffin motoci, injinsa na ruri a baya. A ƙarshen rani, wajen Maris da Afrilu, ruwa yakan janye, duwatsu su fito kamar haƙora, matuƙi ya yi ta kewaye-kewaye yana neman inda zai bi. Da damina ruwa ya rufe duwatsun, igiyar ruwa tana tura jirgin, tafiyar gangara takan fi sauri. Gaɓa biyu kuma sun yi kore shar, gajimare ya sauko ya zauna a wuyan duwatsu, kowane kwari yana zubo da nasa ruwan. A can kudu, inda Mekong ya rarrabu tsakanin tsibiran Si Phan Don, ruwan Khone Phapheng da ke faɗowa ta kan duwatsu ba ya nuna ainihin ƙarfinsa sai a wannan lokaci. Suka ƙara da cewa ruwan ba wuni yake yi yana zuba ba. A yawancin ranaku safiya garau take, sai da la'asar hadari ya haɗo, a sheƙa na awa ɗaya ko biyu, gari ya yi sanyi, kowa ya fito ya ci gaba da harkarsa.

Sai maganar aljihu da cunkoso. Luang Prabang, tsohon birnin sarauta da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1995, daga Nuwamba zuwa Fabrairu cike yake da baƙi, ɗaki ma sai an yi kamun ƙafa. Da damina masu masauki sukan rage farashi, mai kwale-kwale yana da lokacin zama ya yi hira da kai, kuɗin da ka kashe kuma ya faɗa hannun mai gida a lokacin da ciniki ya yi ƙasa. Ba su tsaya nan ba, sukan tona asirin rani. A Maris da Afrilu manoman tudu suna ƙone gonaki don shirin shuka, hayaƙi ya turnuƙe arewacin ƙasar har rana ta koma jan faifai, ido na zafi, maƙogwaro na ƙaiƙayi. Zafin da aka auna a Luang Prabang a 2023 ya haura digiri 42. Wanda ya sha wannan, in ji su, ruwan sama rahama ne a wurinsa.

Masu adawa suka ce wannan kwatance akwai wayo a ciki. Babu wanda ya ce a je a Afrilu. Tsakanin Nuwamba da Fabrairu babu hayaƙi, babu zafi, babu laka, to don me za a gwada damina da mafi munin watannin rani? Game da kogi kuma, ruwan da ya ɓoye dutse shi ne ya ɓoye kututture, kuma matuƙi ya fi tsoron abin da ba ya gani. Kyawun ma ba ko'ina yake ƙaruwa ba. Ruwan Kuang Si, wanda hotonsa mai shuɗi-shuɗi ke jawo rabin masu zuwa Luang Prabang, bayan ruwa mai ƙarfi yakan koma ruwan ƙasa, ya shafe matakalai, wanka ya gagara. Gadar gora da ake tsallaka kogin Nam Khan da ita, ta rani ce kawai; ruwa na tasowa babu ita, sai an sake ɗaura wata bayan damina.

Hujjarsu mai nauyi dai ita ce hanya da asibiti. Babbar hanya mai lamba 13, wadda ta haɗa Vientiane, babban birnin ƙasar, da Luang Prabang, tana nannaɗe ne a jikin duwatsu ta Kasi da Phou Khoun. Ƙasa takan zaftaro ta toshe ta, motoci su yi layi ana jiran katafila, wani lokaci har a kwana a nan. Suna kuma da ranakun da suke ambata. Ranar 16 ga Oktoba, 2013, jirgin saman kamfanin Lao Airlines ya faɗa cikin Mekong kusa da Pakse cikin mummunan yanayi, mutum 49 da ke ciki babu wanda ya tsira. Ranar 23 ga Yuli, 2018, wani sashe na madatsar ruwan Xe Pian-Xe Namnoy ya ɓalle bayan kwanaki ana tafka ruwa, ya shafe ƙauyuka a lardin Attapeu, mutane da dama suka mutu, dubbai suka rasa muhalli. A Satumban 2024 ragowar guguwar Yagi ta jawo ambaliyar da ta mamaye garin Luang Namtha har filin jirginsa. Bayan waɗannan akwai ƙananan masifu da ba sa shiga labarai. Zazzaɓin dengi, wanda sauro mai cizon rana ke yaɗawa, damina ce kasuwarsa, kuma ba shi da wani magani takamaimai sai jinya. Matsattsaku na jiran mai ratsa daji a kan kowane ganye. Akwai cutar da ake ɗauka ta ƙaramin rauni idan an taka ruwan da fitsarin ɓera ya gurɓata. Wanda ciwo ya yi wa tsanani, galibi sai an tsallaka da shi Tailan, zuwa asibitocin Nong Khai ko Udon Thani, ta gadar da aka buɗe a 1994. Daga Vientiane wannan ba wani abu ba ne. Daga ƙauyen da ke bayan zaftarewar ƙasa biyu kuwa, magana ce ta daban.

Akwai kuma abin da baƙo kan manta. Tsakanin 1964 da 1973 jiragen yaƙin Amurka sun zuba wa Laos bama-bamai fiye da tan miliyan biyu, kuma miliyoyin ƙananan 'ya'yan bam da ba su fashe ba suna nan kwance a ƙasa, musamman a lardin Xieng Khouang da ke da filin tulunan dutse, da kuma kudu maso gabas. Ruwa yana wanke ƙasa, yana tono abin da ke binne, yana gusar da shi. Mai kauce wa taɓo ya bar turba ya bi ta cikin ciyawa, a irin waɗannan wurare, bai san me yake takawa ba.

Amsar masu goyon baya a nan ita ce, Laos ɗin da ake ba da labarinta ta canza. Tun Disambar 2021 akwai jirgin ƙasa daga Vientiane zuwa Boten a kan iyakar Sin, tafiyar fiye da kilomita 400, kusan rabinta ta cikin ramukan da aka huda a duwatsu. Tafiyar Vientiane zuwa Luang Prabang da mota kan cinye wuni guda, yanzu wajen awa biyu ce. Akwai kuma sabuwar babbar hanya daga Vientiane zuwa garin Vang Vieng tun ƙarshen 2020. Madatsar da ta ɓalle, manoman da ke ƙarƙashinta ta ci, ba 'yan yawon buɗe ido ba, kuma ba a hana mutane hawa jirgin sama don wani ya taɓa faɗuwa. Suka ce in ana son a san abin da ke kashe baƙi a Laos, a dubi Vang Vieng. A can ne aka shahara da wasan zama cikin tiyub ɗin tayar tarakta ruwan Nam Song yana tafiya da mutum, ga mashaya jere a bakin kogi ana jefo igiya ana janyo shi. A 2011 kaɗai asibitin garin ya ƙirga baƙi 27 da suka mutu, wasu nutsewa, wasu tsalle suka yi suka faɗa kan dutse, har hukuma ta rufe mashayan a 2012. A Nuwambar 2024 kuma baƙi shida suka mutu a garin bayan sun sha barasar da ke da guba. Ruwa ya riga ya ɗauke a lokacin. Ashe kwalba ta fi hadari kisa.

Masu adawa ba su musa ba, sai dai suka ce jirgin ƙasa layi ɗaya ne, garuruwa ƙalilan yake tsayawa. Mai goyon jaka kuwa ba don ya zauna a tasha ya zo ba. Nong Khiaw yake so, da Muang Ngoi a bakin kogin Nam Ou, da tudun Bolaven mai gonakin kofi, da kogon Kong Lor da ake ratsawa cikin kwale-kwale tafiyar kilomita bakwai a cikin duhu. Duk waɗannan sai ta hanyar da ruwa ke iya yankewa. Kuma maye da ambaliya ba kishiyoyi ba ne. Wanda ya bugu ya faɗa Nam Song na Janairu yana iya miƙewa tsaye, na Agusta ba zai ba shi wannan damar ba.

Inda muhawarar ta fi ba ni sha'awa shi ne wajen addinin mutanen ƙasar, domin kowane ɓangare a nan yake ɗebo hujjarsa. Idan wata ya cika a wajen Yuli, 'yan zuhudun Buda sukan shiga zaman damina da ake kira Khao Phansa. Wata uku ba sa kwana a wajen gidan ibadarsu. Bayanin da aka gada shi ne, don kada su tattake shukar manoma da ƙananan halittun da ruwa ke fitowa da su. A wannan lokaci samari da yawa sukan aske kai su ɗaura mayafin ruwan goro su shiga na ɗan lokaci, wasu magidanta su ajiye giya, bukukuwan aure ma akan ɗage su. Masu adawa suka ce to ga shi nan: masu ƙasa da kansu, tun ɗaruruwan shekaru, sun yanke cewa damina lokacin zama ne. Kakanninmu fatake ma ba sa ɗaura wa jaki kaya zuwa Gwanja sai ruwa ya ɗauke. Sannan Yuni da Yuli lokacin dashen shinkafa ne, kowa na cikin fadama tun asuba, baya a duƙe, laka har gwiwa. Baƙon da ya sauka a ƙauye yana son a dafa masa, a raka shi daji, nauyi ne a kan mai gida ko da ya biya.

Masu goyon baya suka juya hujjar. Tunda 'yan zuhudu ba sa tafiya, gidajen ibada cike suke, wanda ke son ya fahimci rayuwar mutanen nan, yanzu ne zai gan ta. A Luang Prabang tun gari bai gama wayewa ba ake buga ganga, 'yan zuhudu su fito a jere ba takalmi, kowa da ƙwaryarsa ta ƙarfe a rataye, in ana yayyafi da laima a hannu. Tsofaffin mata na zaune a kan tabarma a bakin titi, kowace da ɗan kwandon shinkafa mai danƙo da ta turara tun da duhu, tana gutsura tana sakawa, babu mai cewa uffan. Da rani motocin 'yan yawon buɗe ido sukan yi dafifi a wurin, ana haska musu fitilar kyamara a fuska, har hukumomin garin suka kafa alluna suna roƙon a ja baya. Da damina abin yakan koma kusa da yadda masu shi suka san shi. Musulmi ba shi da hannu a ibadar, amma yana iya tsayawa daga tsallaken titi cikin mutunci ya ga yadda wasu bayin Allah ke tafiyar da rayuwarsu. Wanda kuma ya kai Oktoba zai tarar da Ok Phansa, ranar fita daga zaman, da dare a saki ƙananan jirage na ganyen ayaba ɗauke da kyandir a kan kogi, washegari a yi tseren dogayen kwale-kwale a Vientiane.

Saura tambaya ta biyu da ke maƙale da ta farko: in za a tafi, a ayari ko a kaɗaice? Masu son ayari suna da gaskiyarsu. In hanya ta toshe, mutum shida suna iya haɗa kuɗi su ɗauki shatar kwale-kwale, mutum ɗaya sai dai ya zauna. In zazzaɓi ya kwantar da kai a Muang Ngoi, kana bukatar wanda zai nemo jirgi, ya kira kamfanin inshora, ya hana a ba ka asfirin, domin a dengi yana ƙara haɗarin zubar jini. Ayarin kamfani kuma yana da ɗan jagora ɗan ƙasa mai jin harshe, wanda zai buga waya ɗaya ya san ko gada na nan. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Sai dai ayarin kamfani da jadawali yake tafiya. An biya kuɗin kwana goma sha biyu, an yi alkawarin kogo ranar Laraba, jirgin komawa gida ranar Lahadi. Ruwan sama kuwa bai san Laraba ba. Ɗan jagoran da mutum goma sha biyar suka tsura wa ido suna cewa ai mun biya, yana cikin matsin da zai iya sa shi ya ce a gwada. Ayarin masu goyon jaka ya fi wannan rauni. A cikin jirgin Huay Xai ake haɗuwa, kwana biyu ana raba ayaba da hira, kafin a isa Luang Prabang an zama 'yan'uwa. Ba madugu, ba wanda ya san ƙasar, shawara tana hannun wanda ya fi baki. Babu mai son a ce shi ne matsoraci, sai kowa ya yi shiru ya bi, alhali da shi kaɗai ne da ya juya. Mai tafiya shi ɗaya aƙalla yana da ikon ya dubi sama ya ce yau ba inda za ni.

In aka tace hujjojin, wasu suna zubewa. Maganar hayaƙin Afrilu ba ta kare damina ba, tunda watannin sanyi na nan. Haɗarin jirgin sama da ɓallewar madatsa suna da ban tsoro, amma ba su ne ke jiran matafiyi a kullum ba. Abin da ya tsaya daram a ɓangaren masu adawa shi ne sauro, da nisan asibiti, da ƙananan hanyoyi. Abin da ya tsaya a ɓangaren masu goyon baya shi ne araha, da sararin ganin mutane a cikin harkarsu, da jirgin ƙasan da ya rage dogaro da hanya mai lamba 13. Damina ma ba iri ɗaya ba ce. Mayu da Yuni ruwa na zuwa ne yana wucewa, ƙasa ba ta ƙoshi ba. Agusta da Satumba ne kogi ke kai maƙura. A Agustan 2008 mazauna Vientiane sun yi ta jera buhunan yashi a bakin Mekong don kada ya shigo gari. Amma kada a riƙe kalanda kamar layar tsari. Yaran nan goma sha biyu 'yan ƙwallo da kocinsu da ruwa ya rutsa da su a kogon Tham Luang na Tailan, ba nisa da iyakar Laos, ranar 23 ga Yuni, 2018 suka shiga, allon gargaɗin da ke bakin kogon kuwa daga Yuli yake ƙirga haɗari. Sai 10 ga Yuli aka gama fito da su.

A nawa ganin, kogo da tiyub da ƙaramin jirgin ruwa mai gudu da ake sa wa fasinja hular kwano, babu muhawara a kansu da damina: a bar su. Ayarin da ya fi dacewa shi ne na mutum uku ko huɗu da suka san juna tun daga gida, suka yarda tun farko cewa in ɗaya ya ce a tsaya an tsaya, kuma suka bar kwanaki a sake ba tare da an ɗaura musu komai ba. Hanyar lafiya a bi ta da shekara. Wanda hutunsa mako guda ne, kowace rana da abin da ya ƙulla mata, Disamba ta fi masa. Ko araha da koren daji da jerin laimomi da asuba sun kai a yi kasadar dengi a wurin da asibiti ke da nisa, wannan kam ya danganta da lafiyar mutum da aljihunsa da yawan haƙurinsa, kuma na san masu hankali a kowane ɓangare.

Mai karatu da ke da niyya ya nemi biza tun kafin ya tashi, domin an daɗe ana sa Najeriya da Nijar da Gana da Kamaru cikin ƙasashen da ba a ba 'ya'yansu biza a bakin iyakar Laos. Ya yi inshorar da ta ƙunshi ɗaukar marar lafiya zuwa Tailan, ya riƙi maganin shafawa na sauro da jakar leda mai kauri don fasfo da waya. Masallatai da abincin halal a Vientiane aka fi samun su. A ƙauyuka naman alade ya yi yawa a girki, don haka ya shirya wa kifi da ƙwai da ganye da shinkafa mai danƙo.